Almakashin Iya Sikira

Dubu goma sha biyu, in ji yarinyar shago,
ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba.
Na ce Allah ya ba da kasuwa,
na gyara mayafi, na tsallake kwata, na dawo gida.

Daminar Legas ba ta ganin girman kowa.
Gashin da na gada wurin kakata Hajjo,
wanda a Gombe yake kwanciya lumui
kamar jaririn da ya ƙoshi,
a nan Agege ya kumbura, ya yi taurin kai,
bakinsa duk ya tsattsage
kamar tsintsiyar da ta shekara tana share tsakar gida.

Na aro almakashin Iya Sikira mai ɗinki.
Ta ce kar ya taɓa takarda.
Na ce ba zai taɓa ba.

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta,
janareto suka fara amsa wa juna gida-gida.
Safara'u, riƙe min fitilar wayar nan.
A'a, ba a idona ba, a madubi.

Na jiƙa shi, na taje daga ƙeya zuwa gaba,
a sunkuye kamar mai neman allura,
na tattaro shi duka bisa goshi
na ɗaure da robar da ta zo da burodin safe.
Jela a fuska.
Yarinya ta fashe da dariya, haske na tsalle a bango.

Matar ɗakin ƙarshe ce ta koya min:
yanka ɗaya tak, in kin saki
sai ya zubo hawa-hawa,
na gaba gajere, na baya dogo.
Na auna yatsu huɗu, na yi bisimilla.
Almakashi na tsakiyar hanya
sai ga jirgin ƙasa.
Taga ta ɗauki kyarma,
madubi ya karkace a kan ƙusa,
hannuna ya bi shi.

Da na kwance, hagu ya tsaya a kafaɗa,
dama ya wuce abinsa.
Na rage dama. Hagu ya yi tsawo.
Na rage hagu.
Sai na ji Hajjo daga inda take kwance:
garin gyaran gira...
Na ajiye almakashi kafin ta ƙarasa.

Ga shi nan a leda, baƙi, jiƙaƙƙe,
shekara bakwai a dunƙule ɗaya.
Akwai hayaƙin danfo a ciki,
akwai watan da Safara'u ta yi ƙyanda ban yi kitso ba,
akwai man kaɗanyar da aka aiko min ta ƙare tun bara.

A gida cewa ake kar tsuntsu ya samu,
in ya yi sheƙa da shi, ke da ciwon kai har abada.
A tona rami a binne.
To ina ƙasa a gidan nan?
Siminti ne daga ƙofa har makewayi.
Sai bokitin fenti da na shuka tattasai a ciki.
Da yatsa na tona,
Safara'u na haska min kamar muna ɓoye kuɗi.

Da safe na mai da aro.
Iya Sikira ta buɗe bakin almakashi,
ta zaro sili ɗaya, dogo, ta ɗaga shi a rana.
Ta dube ni.
Ta ce in cire ɗankwali.
Ta yi tsaki, ta ja ni kan benci,
ta sa awon ɗinki a wuyana,
ta bi bakinsa a hankali
kamar mai daidaita ƙasan siket.

Ba mai gani, yana ƙarƙashin ɗankwali.
Amma da na sunkuya alwalar azahar
iska ta taɓa ƙeyata,
har na waiwaya.